Ciyawar Roba Ko Ɓarzajjen Itace: Shawarar Da Ke Gaban Magidanta A Amurka

A yawancin unguwannin da ke kewayen biranen Amurka, tsarin gida ya saɓa wa wanda Bahaushe ya saba da shi. Maimakon ɗakuna su kewaye tsakar gida, ginin ne yake zama a tsakiya, da ɗan fili a gabansa, da kuma babban fili a bayansa wanda aka killace da shingen katako. A wannan fili na baya ne iyali suke shan iska, a nan ake gasa nama ranar hutu, a nan kuma yara suke buga ƙwallo idan sun taso daga makaranta. Tun da daɗewa al'adarsu ita ce a shuka ciyawa a wurin, a riƙa yi mata ban-ruwa da taki, a kuma bi ta da injin yanka kusan kowane mako.

To, amma ciyawa aba ce mai rai, kuma ba ta jure yawan taku. Duk wanda ya taɓa ganin bakin raga a filin ƙwallon makaranta ya san yadda wurin yake komawa ƙura da rani, ya koma taɓo da damina. Haka abin yake faruwa a gidan da yara uku ko huɗu da abokansu suke wasa kullum. Idan magidanci ya gaji da shuka yana maimaitawa, sai ya tarar da hanyoyi biyu da 'yan kasuwa suka fi tallata masa: ko dai ya shimfiɗa ciyawar roba, ko kuwa ya zuba ɓarzajjen itace, watau ɓawo da rassan bishiya waɗanda inji ya daddatsa ƙanana, irin wanda masu lambu suke rufe gindin shuka da shi don ya riƙe laima. Na farkon yana da tsada, na biyun yana da araha ƙwarai, har wani lokaci masu sare itatuwa sukan ba da shi kyauta don su rabu da shi. Duk da haka, mafi yawan masu son filin ƙwallo ciyawar robar suke zaɓa. Suna da hujja, sai dai hujjar ba ta kai yadda masu talla suke zuzuta ta ba.

Asalin Ciyawar Roba

Abin mamaki, ba don manyan 'yan wasa aka fara ƙera ta ba, don yaran birni ne. A cikin shekarun 1950 an lura cewa samarin da suka tashi a birane ba su kai na karkara ƙarfin jiki ba, aka kuma danganta hakan da rashin filin wasa. Gidauniyar Ford ta shiga neman wata shimfiɗa da za a iya sa wa makarantun birni, wadda ba ta bukatar ruwa ko rana. Wani reshe na kamfanin Monsanto ya saƙa wata irin darduma ta zaren nailan, aka gwada ta a makarantar Moses Brown da ke garin Providence a shekarar 1964.

Abin da ya fito da ita duniya kuwa wani kuskure ne na magina. A shekarar 1965 aka buɗe filin wasa na Astrodome a birnin Houston na Jihar Texas, wanda aka rufe samansa gaba ɗaya, aka sa tagogi masu shigo da haske don ciyawa ta rayu. Da aka fara wasan besbol sai 'yan wasa suka ce hasken yana kashe musu ido, ba sa ganin ƙwallo idan ta tashi sama. Aka shafa wa tagogin fenti. 'Yan wasa suka sami sauƙi, ciyawa kuwa ta mutu. Sauran kakar wasan a kan busasshiyar ciyawa da ƙasa da aka fesa wa koren fenti aka ƙarasa ta. A shekarar 1966 aka shimfiɗa dardumar Monsanto, daga nan ta sami sunan AstroTurf, sunan da har gobe mutane da yawa suke kiran kowace irin ciyawar roba da shi.

Waccan ta farko ba ta da daɗin wasa. Gajeren zare ne a kan ƙasa mai tauri, ƙwallo tana tsalle kamar an buga ta a kan siminti, wanda ya faɗi kuwa sai fatarsa ta saluɓe. A Ingila ƙungiyar Queens Park Rangers ta shimfiɗa irinta a 1981, Luton Town ta bi baya a 1985, sannan Oldham da Preston a 1986. Ƙorafi ya yi yawa har aka hana sa sababbi a 1988, kuma a 1994 aka cire ta ƙarshe a Preston. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka fito da irin wadda ake gani yanzu: zare mai tsawo da laushi, wanda ake zuba yashi da niƙaƙƙun tsofaffin tayoyin mota a tsakaninsa don ya tsaya a miƙe, ya kuma yi taushi a ƙarƙashin ƙafa. Ita ce Hukumar FIFA ta amince da ita cikin dokokin wasa a 2004, ita ce kuma ta gangaro daga manyan filaye zuwa gidajen mutane.

Matsalar Ruwa

Ba son wasa kaɗai ya kai ta gidaje ba, har da fari. Hukumar kula da muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa wajen kashi 30 cikin ɗari na ruwan da gidaje suke amfani da shi a waje yake tafiya, yawanci wajen ban-ruwan ciyawa, kuma a yankunan da ke da ƙarancin ruwan sama abin yakan kai kashi 60. A birnin Las Vegas, wanda ke tsakiyar hamada kuma ya dogara da Tafkin Mead, hukumar ruwa ta fara biyan mutane kuɗi don su tumɓuke ciyawarsu tun 1999, bisa lissafin cewa kowace murabba'in ƙafa ɗaya da aka cire tana tsimin galan 55 a shekara. A 2021 Jihar Nevada ta yi doka wadda ta hana shayar da ciyawar ado ta bakin tituna da ofisoshi da ruwan Kogin Colorado daga farkon 2027, ko da yake ba ta shafi gidajen iyali ba. A watan Yulin 2022 ruwan tafkin ya ja baya har ya rage wajen kashi 27 cikin ɗari na cikarsa.

A Jihar California ma, lokacin da fari ya tsananta a 2015, Gwamna Jerry Brown ya ba da umarnin a rage ruwan da birane suke sha da kashi 25 cikin ɗari, aka kuma yi dokokin da suka hana hukumomin gari da ƙungiyoyin masu gidaje su hana mutum shimfiɗa ciyawar roba. Wannan ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa sosai. Sai dai bayan shekara takwas, a 2023, jihar ta sake shawara, ta mayar wa garuruwa ikon hana ta idan sun ga dama. Dalilin wannan juyin zai bayyana a gaba.

Abin Da Ɓarzajjen Itace Ya Iya

Kafin nan ya kamata a ba ɓarzajjen itace haƙƙinsa, don akwai aikin da ya fi ciyawar roba iyawa nesa ba kusa ba, watau tare yaron da ya faɗo daga sama. Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta fitar da littafin jagora kan wuraren wasan yara, inda ta bayyana cewa daddatsen itace mai zurfin inci 9 yana iya kare kan yaro daga mummunan rauni idan ya faɗo daga tsayin ƙafa 10. Yashi mai wannan zurfin ƙafa 4 kawai yake karewa, ƙananan tsakuwa kuwa ƙafa 5. Hukumar ba ta lissafa ciyawa ta gaske ko tsurar ƙasa cikin abubuwan kariya ba sam. Ta kuma ja kunne cewa irin wannan zubi yakan danne da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka mai son inci 9 sai ya zuba inci 12 tun farko. Ita kuwa ciyawar roba, idan ba a sa mata katifar soso a ƙarƙashi ba, darduma ce kawai a kan daɓaɓɓen dutse, komai kyaunta a ido.

To, abin da ya sa ya iya tare faɗuwa shi ne ya sa bai iya ƙwallo ba. Yana karɓar nauyi ne ta hanyar gocewa. Ƙwallon da aka buga a kansa ba ta gangarawa, ba ta tsalle, sai ta nutse ta tsaya. Mai gudu ƙafarsa tana zurmawa, idan ya juya da sauri sai ƙasa ta zame masa. Bayan mako biyu za a ga an yi rami a inda aka fi takawa, an yi tudu a gefen shinge, sauran kuma ya bi takalma ya shiga ɗaki, abin da ba ya yi wa uwargida daɗi a kowace ƙasa take. Bugu da ƙari itace yana ruɓewa, don haka sai an riƙa ƙara sabo kusan kowace shekara. Kyanwa tana mayar da shi makewayi. Akwai kuma haɗarin a samo shi daga tsofaffin katakon gini, domin har ƙarshen 2003 ana jiƙa katakon gidaje a Amurka da wani maganin ƙwari mai ɗauke da gubar arsenik, wanda ba a so ya kusanci hannun yaro.

Saboda haka magidancin da ya ce ƙwallon ƙafa 'ya'yansa suke so, ya kuma zaɓi ciyawar roba, bai yi kuskure ba. Wanda lilo da abin hawa zai kafa, ya shimfiɗa ta ba katifa, shi ne ya sayi ado ya bar lafiya. Mai son ƙwallon kwando kuwa babu ɗaya daga cikin biyun da zai amfane shi, don ita daɓen siminti take so.

Aikin Yana Ƙarƙashi

Mutane da yawa suna zaton sayen dardumar shi ne aikin. Alhali kuwa mafi yawan wahala da kuɗin suna cikin abin da ido ba ya gani. Sai an fara haƙe ƙasar sama kamar inci 3 ko 4, a kwashe saiwoyi, a daidaita wurin da ɗan gangare don ruwa ya sami hanya. Sannan a zuba fasasshen dutse a daɓe shi da inji, a bi shi da garin dutse don ya yi sumul. A kan wannan ake shimfiɗa dardumar, wadda bayanta yake da ƙananan huji na zirarar ruwa, a haɗa bakin ƙyallayen da gam, a kafe gefuna, daga ƙarshe a zuba yashi a share shi da buroshi har ya shige tsakanin zare. Idan ɗan kwangila ya yi ha'inci wajen daɓen, damina ɗaya ta isa ta tona masa asiri: wuri ya lotsa, ruwa ya kwanta, bakin haɗi ya ɗaga ya riƙa harɗe yara.

Maganar da masu talla suke yi cewa ba ta bukatar kulawa kuwa, rabin gaskiya ce. Ba a yanka ta, ba a sa mata taki, wannan haka yake. Amma sai an riƙa tayar da zaren da buroshi don kada ya kwanta, a kwashe ganye kafin ya ruɓe ya toshe hujin, a ƙara yashi inda ya ragu. Ƙasa mai rai tana cinye ƙazanta da kanta, roba kuwa ba ta cinye komai, shi ya sa gidan da ke da kare sai an riƙa wanke ta, in ba haka ba wari ya hana zama.

Zafi

Babban aibinta shi ne zafi, kuma a nan ne mai saye ya fi yin nadama. Ciyawa ta gaske tana fitar da laima daga ganyenta, ta sanyaya kanta kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Roba kuwa tara zafin take yi. A shekarar 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke Jihar Utah sun auna filin jami'ar, suka sami saman ciyawar robar ya kai digiri 93 a ma'aunin Salshiyas a ranar da zafin iska yake wajen digiri 37. Sun gwada yayyafa mata ruwa: zafin ya sauko daga digiri 79 zuwa 29, amma bayan minti 5 ya koma 49, bayan minti 20 ya kai 73. Ma'ana, wanda ya cire ciyawa don tsimin ruwa yana iya komawa yana fesa wa roba ruwa don ɗansa ya iya taka ta, kuma sanyin ba zai kai rabin sa'a ba. An sha samun gidajen da gilashin tagar zamani, irin mai mayar da hasken rana, ya haska wuri ɗaya har zaren ya narke. Ba banza ba hukumar ruwan Las Vegas ta sa sharaɗi cewa duk filin da ta biya aka cire wa ciyawa, sai an shuka tsirrai masu rai da za su rufe rabinsa idan sun girma.

Sai batun lafiya, wanda ya kamata a yi shi da adalci. A 2014 wata mai horar da 'yan ƙwallo mata a Jami'ar Washington, Amy Griffin, ta tattara sunayen 'yan wasan da suka kamu da ciwon daji, da yawansu masu tsaron gida waɗanda suka fi kowa birgima cikin niƙaƙƙun tayoyi. Hankalin iyaye ya tashi. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta bincika, ta ba da rahoto a 2017 cewa adadin bai wuce abin da ake tsammani a cikin jama'a ba. A ƙasar Holan ma, bayan wani shirin talabijin ya tayar da irin wannan ƙura a 2016, cibiyar lafiyar ƙasar ta ce wasa a kan filayen ba shi da wani haɗari na a-zo-a-gani. Wannan bai rufe maganar ba, domin a 2019 an gano sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a jiki, a cikin zaren wasu dardumomin, kuma a 2022 birnin Boston ya daina shimfiɗa sababbi a wuraren shaƙatawarsa. Tarayyar Turai kuwa ta dubi wani gefen ne: ƙwayoyin robar da suke bin takalma da ruwan sama su ƙare a cikin koguna. A 2023 ta zartar da cewa daga 2031 ba za a ƙara sayar da su don zubawa a filayen wasa ba. Sa'ar mai ƙaramin fili ita ce ba dole ne ya yi amfani da taya ba. Tsurar yashi ta wadatar, kuma akwai masu zuba garin ɓawon kwakwa.

Akwai kuma ranar rabuwa. Filin da ake wasa a kansa sosai shekara 8 zuwa 10 yake yi kafin zaren ya karye ya kwanta. Ɓarzajjen itace idan ya tsufa taki yake zama, a kwashe shi a kai gindin shuka. Tsohuwar dardumar kuwa haɗin robobi ne daban-daban da gam da yashi, mai nauyin gaske, wadda masana'antu kaɗan ne suke iya rarrabe ta, don haka galibi juji take ƙarewa. Ƙasar da aka rufe shekara goma da dutse da roba ita ma ba za ta karɓi shuka nan take ba. Waɗannan dalilai, zafi da sinadarai da shara, su ne suka sa California ta ja da baya.

Idan Ta Zo Ƙasa Mai Rana

Wannan shawara ba ta tsaya a Amurka ba, domin hajar ta riga ta iso. A Kano da Kaduna da Abuja an buɗe ƙananan filayen ƙwallo na haya masu ciyawar roba, ana kuma ganin ta a farfajiyar makarantu masu zaman kansu da sababbin gidaje. Ma'aikacin da ke gina gidan da zai zauna bayan ya yi ritaya, ko shugaban makarantar da ɗan kwangila ya kawo wa samfur, yana iya fuskantar tambayar nan gobe. Lissafin kuwa yana canzawa da canjin ƙasa. Ɓarzajjen itace a nan kiran gara ne zuwa gindin gini, ga kuma kunama da ke son irin wannan mafaka, sannan itacen da kansa yana da masu nema don girki. Abin da ya yi daidai da shi a ƙarƙashin lilo shi ne yashin rafi mai zurfi, muddin abin hawan bai wuce ƙafa 4 ba.

Ita kuwa robar, idan ta kai digiri 93 a ranar da iska take 37, sai mai karatu ya ƙiyasta abin da za ta yi a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda iskar kanta take wuce 40, ga kuma yaran da yawancinsu ba takalmi suke wasa ba. Masu filayen haya sun gane wannan, shi ya sa kasuwarsu sai la'asar sakaliya take buɗewa, ta ci gaba har dare a ƙarƙashin fitila. Ƙurar hunturu ma tana cika tsakanin zaren ta toshe hanyar ruwa, wadda za a bukata ranar da aka yi ruwan Agusta kamar da bakin ƙwarya. Inuwar darbejiya tana rage zafin ƙwarai, sai dai ganye da 'ya'yanta za su sa tsintsiya aiki kullum, kuma dole a bar wa saiwoyinta buɗaɗɗiyar ƙasa, kada a daɓe dutse har gindinta.

Masu sayarwa sukan yarda su ba da ƙyalle kaɗan na gwaji. Mai niyyar saye ya karɓa, ya shimfiɗa shi a ainihin wurin da yake son yin filin, ya dawo da ƙarfe biyu na rana ya ɗora bayan hannunsa a kai ya ƙirga zuwa goma. Idan ya iya, sai ya nemi ɗan kwangila ya rubuta masa zurfin dutsen da zai daɓe, da inda ruwa zai fita, da abin da zai zuba tsakanin zare, da kuma wanda zai kwashe dardumar idan ta mutu.